Tsumma na Biyar

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Laraba, a tsakiyar bazara. Na san lokacin daidai domin ni na rubuta shi da hannuna, ina kallon agogon aljihun kawuna da ke rataye a jikin ginshiƙin rumfa. Bana shekara talatin ke nan da rasuwar kawun nan nawa, Mushe Mamman, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, kuma fiye da shekara hamsin da waccan yammar. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan yi sadakar masa, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa haka.

Waɗanda suka san shi a Damargu sun kusa ƙarewa, don haka sai na faɗi ko wane ne. A shekarun alif ɗari tara da ashirin da ƴan kai, shi ne malamin ƙaramar lakwal ta garinmu, wato makarantar boko. Lakwal ɗin rumfar zana ce kawai, jingine da bayan gidansa, da allo ɗaya da randa ɗaya. A Damagaram ya yi karatu, aka turo shi yana saurayi da amaryarsa, wadda nake kira Inna. Uwata, wato yayarsa, ta ba shi riƙona daga ƙauyenmu na wajen Gangara ina da shekara takwas. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kama sunana ba. Uwale yake ce mini.

Ba a sa ni lakwal ba. Aikina in cika randa in share rumfa. Amma idan na gama nakan zauna a bayan randar, in yi ta kallon allo. Ba na magana. Ko a gida sai an tambaye ni sau biyu nake amsawa, kaina a ƙasa. Wata rana ya tarar na kwafe rubutun allon kaf a kan rairayi da tsinke, har da wurin da alli ya karye masa ya bar ɗan gurbi. Ya daɗe a tsaye yana dubawa. Washegari ya ba ni kaye sabo, wato littafin rubutu, ya ce daga yau ni ce mai rubuta duk abin da aka gwada a ajin, da ranar da aka yi shi da ƙarfe nawa. Maza suka yi ta gunaguni. Ya ce duk wanda ya fi ni tsabtar hannu ya zo ya karɓa. Ba wanda ya zo.

Abin da ake gwadawa shi ne abin da ya sa mutane ba su san inda za su ajiye Kawu ba. An turo shi ya koyar da Faransanci da lissafi. Yana koyarwa, amma kowace yamma sai ya rufe littafi ya ce lokacin darasin hannu ya yi. Mu kafa sanda a rana mu bi inuwarta da tsakuwa tun hantsi har la'asar. Mu huda ƙwarya uku, mu cika ɗaya da rairayin jigawa, ɗaya da laka, ɗaya da ƙasar turke, mu zuba ruwa mu ga wadda ta fi riƙe shi. Ya taɓa karɓo huhun akuya wurin mahauci, ya zura kara a maƙogwaron ya hura, muka ga yadda numfashi yake kumbura shi, rabin ajin suka watse da gudu. Wanda ya fi burge ni shi ne na zoɓo. Ya jiƙa zoɓo ya yi ja wur, ya ɗiga masa ruwan kanwa, nan take jan ya mutu, ruwan ya koma kore mai duhu. Yara suka ce sihiri ne. Ya ce ba sihiri ba ne, kanwa ce ba ta iya ɓuya a cikin zoɓo. Na rubuta wannan maganar a kayena kamar yadda ya faɗe ta.

Burinsa bai tsaya a rumfarmu ba. Yana da wani ɗan littafi da yake rubutawa da hannu, darasi bayan darasi, duk da kayan da ake samu a kowane gida: ƙwarya, tsumma, kara, toka, gishiri. Yana so a kwafe shi a ba duk malamin da za a turo ƙasar nan, daga Tanut har rijiyoyin da ke wajen Belbeji, don kada wani ya ce ba shi da kayan aiki. Abin da ya rage masa shi ne manya su ga amfanin abin da idonsu.

Manyan kuwa dariya suke yi masa, ban da mutum ɗaya. Baba Kalla manomi ne, dattijo mai yawan raha, gidansa yana bakin gari. Yana da irin gero na gado, ankutes, mai gajeren kai, wanda yake nuna da wuri tun ruwa bai ɗauke ba. A daminar da ta wuce fara ta cinye masa gona, bai samu zangarniyar da zai ware don iri ba, saboda haka irin da ke rumbunsa ya shekara biyu. Yana tsoron ya zuba shi a ƙasa ya ƙi fita. Da ya ji Kawu yana koya wa yara gwada iri, sai ga shi da kansa da ɗan ƙulli a bakin riga.

"Mushe, an ce kana tambayar hatsi ko yana da rai, yana kuma ba ka amsa."

"Ba ni yake ba amsa ba, Baba. Tsumma yake ba."

"To ga nawa, a tambayar mini shi. Ni na tambaye shi ya ƙi kula ni."

Gwajin ba shi da wuya. A ƙirga ƙwaya ɗari, a shimfiɗa a kan tsumma, a naɗe, a sa a ƙwarya a rufe da faifai a inuwa. A jiƙa safe da yamma. Bayan kwana biyar a warware a ƙirga waɗanda suka tsiro. Yara sun kawo iri daga gida huɗu, na Baba Kalla ya zama na biyar. Jiƙawa da rubutawa aikina ne ni kaɗai, domin Kawu ya ce hannu ɗaya ya fi hannu goma a irin wannan.

Da safiyar Laraba aka naɗe su. Da yamma na zo jiƙawa, ruwan randar lakwal ya ƙare a kan tsumma na huɗu. Na shiga gida ta ƙofar baya, randar Inna ita ma ta yi ƙasa, an kife ta. Tulun da aka kawo daga rijiya yana cikin zaure, an ajiye wa baƙi, kuma zauren cike yake da maza, har da Baba Kalla, ina jin dariyarsa. Kafin in kai ga tulun sai na shiga, na durƙusa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan na buɗe baki na roƙi ruwa a gabansu. Na je har bakin zauren na dawo. Na sake zuwa na sake dawowa. Sai na ga wani ƙoƙo a gefen murhu, rufe da faifai, ruwan ciki ya kwanta garau. Na ɗauka na juye a kan tsumma na biyar har ya jiƙe sharkaf. Na dubi agogo, na rubuta ƙarfe huɗu da kwata.

Kafin almuru na ji Inna tana faɗa a tsakar gida. "Wane ɗan banza ne ya shanye mini ruwan kanwa? Tun safe na jiƙa ta don wake!" Ta waiga ta ga akuyarmu tana tuƙa a gindin danga. "Ke ce ko? Bari dai, ranar salla za mu haɗu." Ina tsaye da tsintsiya a hannu, taku uku tsakanina da ita. Da na ce ni ce, da an sake ƙirga wata ɗari a wani tsumma, kwana ɗaya kawai za a yi asara. Ban ce ba. Na tuna gunagunin maza ranar da aka ba ni kaye. Na ce a raina gobe zan zuba ruwa mai kyau da yawa ya wanke shi.

Ran Litinin aka warware, Baba Kalla yana tsugune a bakin rumfa. Huɗun farko duk sun haura tamanin, fararen saiwoyi sun sarƙe da zaren tsumman. Na biyar ƙwayoyin sun kumbura, sun yi duhu. Na ƙirga sau uku. Tara ne suka tsiro.

Kawu ya dube ni. "Uwale, an jiƙa su duka a kan lokaci?"

Na gyaɗa kai. Gaskiya ce kuwa. Ya karɓi kayen ya bi layi-layi da yatsa, safe da yamma, ba a tsallake ko ɗaya ba. A kayen akwai gurbin rana, akwai gurbin ƙarfe nawa, babu gurbin wane ruwa. Ban rubuta ƙarya ko ɗaya a ciki ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

"Tara cikin ɗari," in ji Baba Kalla. Ya yi ƴar dariya ya kakkaɓe gwiwa. "Ashe gawa nake gadi shekara biyu. Na gode, Mushe. Gara da na ji a bakin tsumma da in ji a bakin gona."

Bazara ce, gida ba abinci. Ya sa aka sussuke irin aka daka, iyalinsa suka ci. Ya ba da tunkiya aka musanya masa da iri daga kudancin Damagaram, mai dogon kai, wanda ya saba da ruwa mai daɗewa. Matarsa ce kaɗai ta ƙi yarda. Ta ce ba a daka irin suruki har ƙwayar ƙarshe, ta ɓoye ƙoƙo ɗaya a gora. Da ruwa ya sauka ta shuka shi a bayan gida. Ko rami ɗaya bai ƙi tsirowa ba.

Daminar ta ɗauke da wuri, kamar yadda ta saba yi mana. Ɗan abin da ke bayan gida ya nuna. Babbar gonar ta yi tsawo ta fi mutum, ta fid da kai, ta bushe a tsaye babu ƙwaya. Bayan girbi Baba Kalla ya zo rumfarmu ana tsakiyar darasi. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye zangarniya biyu a kan teburin Kawu, gajera mai nauyi da doguwa wadda iska take motsawa.

"Mushe, a tambayar mini waɗannan ma."

Kawu ya sauko ya durƙusa a gabansa, a gaban yara. "Baba, laifina ne." Ni ina bayan randa, na danne kayena a ƙirji.

A ranin nan gidan Baba Kalla suka tashi suka yi kudu neman abinci. Su tara suka tafi. Bayan shekara biyu su bakwai suka dawo. Ko biyun sun zauna can ne, ko ƙasa ta rufe su, ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba, domin ina tsoron amsar.

Gari ya sa wa Kawu suna Mushe Tsumma. Idan ya ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga buhu ya ce, "Mushe, zo ka tambayar mini wannan ko da rai." Maganar ta kai kunnen kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, daga nan ta kai Damagaram. Mai duba makarantu ya zo a kan raƙumi, ya ce an turo shi koyar da karatu ne, ba ba manoma shawara ba. Ƙoren gwaji suka koma ɗakin girkin Inna. Ɗan littafin darasin hannu ya shiga akwati, ba a kwafe shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. Kawu ya ƙara fiye da shekara ashirin yana koyarwa, yana faɗa yara suna maimaitawa, kamar kowa.

Ni kuwa sai ya sa sunana a rajista sosai, ya yi ta fama da ubana har aka bar ni na je Damagaram. Na zama malama. Na koyar a garuruwa huɗu har na yi ritaya, kuma ban taɓa sa yaro ya jiƙa tsumma ba. Duk babban hutu nakan je gaishe shi. In durƙusa, ya ce, "Uwale, ina labari?" In ce, "Sai alheri, Kawu." Ya ce, "Ba wani labari?" In ce, "Babu, sai alheri." Sai ya tambayi hanya da ƴan aji. Haka muka yi har shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na zo na same shi a kan tabarma ya rame, ya yi mini tambayar nan biyu, na ba shi amsar nan biyu. Bayan kwana tara aka aiko mini ya rasu.

Abin da ya tayar mini da wannan duka shi ne taron da aka yi a Tanut watan jiya. An tara malaman ƙananan makarantu daga Gangara, daga Belbeji, daga ƙauyukan da a zamaninmu rijiya ce kawai da zango, ana koya musu yadda za su sa yara su taɓa abu da hannu maimakon haddace sunansa. An gayyace mu, mu tsofaffi, mu zauna a gefe. An kawo akwatuna daga babban birni, da kwalabe da madubin ƙara girma. Wani matashin malami ya tashi ya nuna yadda ake gwada iri a kan auduga cikin kwalba, ya ce sabuwar dabara ce. Aka tafa masa. Ni ma na tafa.

Ina zaune ina tunanin abin da Kawu zai ce. Na san zai yi murna da ganin mata a cikin malaman, ya ƙirga su da ido. Zai ɗauki madubin nan ya duba bayan hannunsa kamar yaro. Amma zai tambaya ina akwatin zai kwana, domin ya san halinmu: abin da ya zo daga nesa kulle shi ake yi a kabad don kada ya fashe, makullin ya tafi da darakta. Zai ce ƙwarya ba ta bukatar makulli. Kuma ina jin zai ja matashin nan gefe ya ce masa kwalba ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum hukunci a kan irinsa ba, a yi biyu, hannu biyu daban su jiƙa.

Abin da zan ƙara nawa ne. Malamai, a ajinku akwai yaron da ya fi kowa tsabtar rubutu, wanda ba ya ba ku wahala, wanda kuke miƙa wa kaye ku juya baya. Ku dube shi da kyau. Gwaji yana lalacewa, wannan ba komai ba ne, ana sakewa. Amma idan yaron ya fi tsoron buɗe baki a kan tsoron abin da shirunsa zai jawo, duk kwalaben nan ba za su amfane ku ba. Ku buɗe masa gurbi a kayen inda zai rubuta abin da ya ɓaci a hannunsa, kuma ranar da ya cika gurbin kada ku ɗauki bulala.

Me ya rage na Kawu? Babu makaranta mai sunansa. Sunan da gari ya sa masa ma ya mutu tare da masu kiransa. Ankutes ɗin gidan Baba Kalla yana nan, jikokinsa suna shuka shi, daga ƙoƙo ɗayan da tsohuwa ta ɓoye, kuma wannan ba aikinmu ba ne. Akwai ɗan littafin, wanda ya kamata a ce ya zaga ƙasar nan tun ina yarinya. Shi na je nema wurin Inna bayan taron, don in ba matasan nan su kwafa.

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, bakinta dai yana nan. Ta sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Littafin yana ciki, gara ta ci gefensa. A ƙarƙashinsa akwai wani tsohon tsumma a naɗe, da lamba biyar a kusurwarsa, rubutun hannuna. Tsakiyarsa ta rine, ta yi kore mai duhu.

Na riƙe shi na kasa ajiyewa. Na ce, "Inna, ruwan kanwarki na wake. Ba akuya ba ce."

"Yo na sani. Akuya tana shan ruwa ta mayar da faifai?"

Na ce, "Kawu fa? Ya sani?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Ranar da Kalla ya ajiye masa zangarniyar nan, da aka tashi ya ce in jiƙa masa zoɓo. Ya tsoma tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. Huɗu ba abin da ya faru. Ya tsoma wannan, ruwa ya juye. Na ce a kira yarinyar nan ta ci gidansu. Ya ce kul. Ya ce in gari ya ji, ubanki zai zo ya ɗauke ki, kuma ba za a sake barin ƴa mace ta zauna ko a bayan randa ba. Ya ce shi ne babba, shi ya yanke magana a kan tsumma ɗaya. Na ce to ko a ɗaki ka faɗa mata ka sani. Ya ce a'a, wannan ne darasin da ya rage miki, kuma ba ya yiwuwa malami ya yi wa ɗalibi shi. Ya ce za ki zo da kanki."

Ta miƙo hannu ta laluba tsumman a cinyata.

"Shekara ashirin da wani abu yana ce miki ba wani labari. Ke kin zaci gaisuwa yake yi?"